Tsohon injin jointa da na saya: inda aka kwana da aikin tada shi

Litinin, 2 ga Disamba 2024

To alhamdulillah, injin dai ya iso shago yau. Tun ƙarfe goma na safe muke abu ɗaya, sai da muka haɗu mu shida sannan muka iya sauko da shi daga a-kori-kura, muka jera guntayen fayif a ƙasa muna gangara shi a hankali har kusurwar da na share masa tun jiya. Nauyi kam ba a magana, zubin ƙarfe ne tun daga ƙafa har tebur, irin aikin da. Wani tsohon wurin aikin katako ne a wajen Sharaɗa a nan Kano ya rufe suke sayar da kaya, ni kuma na fi shekara biyu ina neman irinsa, don na gaji da kwasar falanki zuwa 'yan katako na Na'ibawa a gyara min fuska, in biya kuɗin inji in biya kuɗin mota, ga ɓata yini guda a layi.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne wasu ke cewa jointa, mu nan an fi cewa safes filena. Tebur biyu ne dogaye, na shiga da na fita, a tsakaninsu akwai ganga ta ƙarfe mai wuƙa uku tana juyawa, kai kuma kana tura katako da hannunka ta kanta tana fere ƙasansa har ya miƙe ya kwanta. Nawa faɗinsa inci 12. Abin da na fara dubawa tun a can kafin in zaro kuɗi shi ne gangar, mai zagaye ce ko mai kusurwa huɗu, domin cikin injinan da can akwai masu ganga mai kusurwa huɗu, su kuma in sun kama yatsa ba a yatsa suke tsayawa ba, hannun suke janyewa ciki, shi ya sa Ingila da Amurka suka hana su tuntuni a injin da ake turawa da hannu. Tawa mai zagaye ce. Da ba haka ba ko kyauta aka ba ni ba na ɗauka.

Sai dai babu murfi. Wurin ɗaura shi na nan, ramin noti biyu cike da tsatsa, mai sayarwa ya ce shi tunda ya san injin bai taɓa ganinsa da murfi ba. Na tara yarana su uku na ce kowa ya buɗe kunne, ba mai ɗora katako a kan injin nan sai ranar da aka yi masa murfi, har ni kaina.

Laraba, 4 ga Disamba

Wanki muka yi jiya da yau. Kalanzir da samfefa mai laushi a kan teburan har tsatsar ta fita, sannan na goga kyandir na bi da tsumma. Babban yarona ya kawo shawarar a shafa baƙin mai na ce a'a, mai yana shiga katako ya ɓata shi, in ka zo fenti ko fanis ya ƙi kamawa. Kuma santsin tebur ɗin nan ba don kyau ba ne kawai, in tebur yana riƙe katako dole ka ƙara ƙarfin turi, wanda ke turi da ƙarfi kuwa shi ne hannunsa ke suɓucewa.

Na juya gangar da hannu na ji tana gurnani, boris ɗin gefen fuli, wato faifan da fanbel ke hawa, ya tafi. Mun cire duka biyun. Wuƙaƙen ma na kwance su na naɗe a kwali, duk sun dakushe, ɗaya har da giɓi biyu.

Asabar, 7 ga Disamba

Kasuwar Ƙofar Ruwa na yini. Na samu boris biyu masu lamba ɗaya da na ciki, da fanbel sabo. Matsalar da ta fi ita ce moto, wanda ya zo da injin na layi uku ne, ni kuma shagona layi ɗaya gare ni, don haka sai na nemi mai doki 3 na layi ɗaya. A jikin farantinsa an rubuta juyi 2850 a minti. Fulin moto inci 5 ne, na ganga inci 3, na zauna da biro na buga, gangar za ta riƙa juyi 4750 kenan a minti ɗaya. Wuƙa uku, ka ninka, sara 14,250 a minti, wato kusan 240 a daƙiƙa guda. Na rubuta lambar nan da alli a bango saitin injin. Ina so yaran su riƙa ganinta, domin duk wanda ke tunanin in ya ji zafi zai fizge hannunsa, to kafin saƙon zafin ya isa kansa wuƙa ta riga ta wuce sau da yawa.

Talata, 10 ga Disamba

Bayan la'asar na je gaida Baba, maigidana da ya koya min sana'ar nan, shekara tara na yi a hannunsa. Yanzu ya daina aiki, ƙafa ta matsa masa. Na ba shi labarin injin ya yi murna sosai ya sa albarka, sai ya ɗaga hannunsa na dama ya ce ka dai ga wannan ko.

Ai na gani, tun ina yaro nake gani. Yatsu uku, manuni da na tsakiya da mai bi masa, duk babu gaɓar farko. Da su yake cin tuwo, da su yake jan carbi, biro kuwa tsakanin babban yatsa da guntun manuni yake maƙale shi. Amma duk zamana da shi ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, kunya ba ta bari, shi ma bai taɓa faɗa ba sai yau. Ya ce ana gab da magariba ne, aiki ya ƙare saura ɗan guntun katako ɗaya na ƙafar kujera da bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, ya ce bari ya wuce da shi sau ɗaya a tashi. Yana turawa bakin guntun ya nutsa cikin ramin da ke tsakanin teburan, wuƙa ta buge shi ya yi baya kamar an harba, hannun da ke danne da shi kuwa ya ci gaba da tafiya inda yake tafiya. Ya ce bai ma ji zafi ba da farko, ƙara kawai ya ji ta canza. Da aka kai shi asibiti likita ya tambaya ina guntayen, aka ce babu, don wannan inji ba kamar zarto ba ne da zai yanke ya ajiye maka a gefe ko a yi sa'a a ɗinka, shi niƙewa yake ya haɗa da dusa.

Na ce Baba injin yana da murfi a lokacin? Ya ce yana da shi, a ƙarƙashin benci, su suka cire da hannunsu wai yana rage musu sauri. Ya ce min, kai dai ka riƙe yaran mutane amana, iyayensu da yatsa goma suka kawo maka su. Har na iso gida maganar nan na kaina.

Alhamis, 12 ga Disamba

Mai gyaran wuta ya zo mun ɗora moto. Gwajin farko ba wuƙa muka yi shi, har ƙarafan da ke danne wuƙar da notinansu duk na cire, don kar wani abu ya yi tsalle. Da aka kunna sai ga ganga tana juyawa baya. Daidai shi ne samanta ya riƙa tahowa wajen teburin shiga, wato yana fuskantar katakon da ke zuwa. Ya buɗe akwatin moto ya sauya wayoyin kwayil ɗin tayarwa, ta dawo daidai. Na sa ya ja wayar at, wato wadda ke kai wuta ƙasa in ta zubo, daga jikin injin, tunda duk ƙarfe ne.

Abin da ya tayar min da hankali daban ne. Muna cikin gwaji aka ɗauke wuta, kowa ya watse, ni na fita sallar azahar, ba wanda ya tuna makunnin bango a kunne yake. Ƙaramin yarona ya dawo ya ajiye sifana a kan tebur dab da ganga, ya jingina da injin yana cin rake. Wajen minti ashirin sai ga wuta, inji ya tashi da kansa. Sifanar ta yi rawa ta faɗo ƙasa, yaron ya yi tsalle gefe, ba abin da ya same shi, Allah ya tsare kuma babu wuƙa a ciki. Amma na tsaya ina kallon wurin ina lissafa da a ce yau ranar ɗaura wuƙa ce, hannuna na cikin ganga ina ɗaure noti.

A ƙasar da wuta ke tafiya ta dawo ba sallama, makunnin bango bai isa ya riƙe irin wannan inji ba. Gobe Sabon Gari zan shiga wurin masu kayan wuta.

Asabar, 14 ga Disamba

An sa sitata mai kwantakta, mai maɓalli kore da ja. Yadda take aiki, wutar ce da kanta ke riƙe da ita a kunne, da an ɗauke sai ta saki, in an dawo da wuta ba abin da zai motsa sai mutum ya zo ya danna kore. Mun gwada sau uku da kashe babban layi, lafiya lau. Jan maɓallin na sa an yi shi babba a saitin gwiwa ta gefen da ake tsayawa, ko hannu biyu na kan katako ka iya buge shi da ƙafa.

Na duba da agogo, daga kashewa zuwa tsayawar ganga cak daƙiƙa 40 da wani abu. Sababbin injinan Turai ana sa musu birki su tsaya cikin daƙiƙa 10, nawa ba shi da shi. Kuma in tana gab da tsayawa ba ta ƙara, sai ka ɗauka ta tsaya. Don haka doka ta biyu a shagon nan, wanda ya kashe inji ba ya barin wurin sai ya ga wuƙa da idonsa a tsaye.

Laraba, 18 ga Disamba

Yinin yau gaba ɗaya a kan wuƙa ya ƙare. Mai wasa ya dawo da su jiya, na ce masa tun farko ya ci su daidai wa daida don nauyinsu ya zo ɗaya, in ɗaya ta fi sauran nauyi injin zai riƙa girgiza ya kashe boris. Na ɗora su a ƙaramin sikeli, sun yi.

Kafin in taɓa komai na zare filogi na sa shi a aljihuna. Ba kashe maɓalli ba, zarewa. Na kankare ramukan ganga da ɗan tsinken katako da kalanzir, don akwai tsohon ƙaro da dusa da suka daskare a ciki, in ka ɗaura wuƙa a kan datti za ka ji noti ya ɗauru alhali wuƙar ba ta zauna ba, ranar da dattin ya saki ita ma ta saki.

Saitin shi ne mai cin rai. Ƙa'idar ita ce bakin kowace wuƙa in ya zo can ƙololuwar juyinsa ya yi daidai da teburin fita. Yadda Baba ya koya min, ka samu ɗan katako mai tauri miƙaƙƙe ka kwantar a teburin fita bakinsa ya leƙo kan ganga, ka yi masa alama da fensir a saitin bakin tebur, sai ka juya ganga a hankali ta wurin fuli, ba ta wurin wuƙa ba. Wuƙar za ta ɗan ɗauke shi ta ja shi gaba ta ajiye. In ta ja shi kamar milimita 3, ya yi. Sai ka maimaita a wancan gefen wuƙar, da tsakiya, sannan wuƙa ta biyu, sannan ta uku, duk su ba ka jan nan iri ɗaya. Matsalar kana ɗaure noti wuƙar na ɗan ɗagowa, sai ka sassauta ka sake, ta uku sai da na yi mata sau biyar. Ɗaurin daga noti na tsakiya nake farawa in yi waje, kaɗan kaɗan, zagaye biyu.

Dalilin wahalar nan, in wuƙa ɗaya ta fi sauran tsawo ita kaɗai ke aiki, tana dukan katako maimakon yanka. In teburin fita ya yi ƙasa da wuƙa, ƙarshen katako zai faɗa a ci masa rami. In ya yi sama, katako zai zo ya yi karo da bakin tebur ya tsaya, mai turawa kuma ya ƙara ƙarfi, ga hannu a saman ganga. Duk hanyar da ka bi dai maganar tana komawa kan hannu.

Na ɗora doguwar lebur ta alminiyam a kan teburan biyu na ga na shiga ya ɗan sunkuya ta can baya. Na yanka gwangwanin lemo na cusa ɓalli biyu a mazauninsa, ya tashi daidai. Mun kunna minti biyar ba kowa a kusa, na kashe, na zare filogi, na sake bin notinan ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 21 ga Disamba

Mai ƙofofi ya zo yau. Ƙofa shida na katakon loko ya ba ni tun watan jiya, gidan da zai sa amarya ne a ƙarshen Janairu. Ya ga inji na sheƙi ya ce to ai shi kenan Malam, sai a fara. Na ce Alhaji saura murfi. Ya ce murfin me, duk 'yan katako wa ka gani da murfi? Na ba shi haƙuri na ce aikinsa ba zai makara ba insha Allahu, falankin farko ma na riga na kai an gyara a waje da kuɗina. Bai ji daɗi ba amma ya tafi.

Gaskiya kuɗin nan da na biya ya yi min ciwo, ga inji a gabana da wuƙa sabuwar wasawa. Amma na riga na faɗa a gaban yara, in na karya da kaina ranar da aiki ya matse, to na koya musu cewa doka tana aiki ne kawai ranar da ba a sauri.

Talata, 24 ga Disamba

Murfi iri biyu na sani. Na Amurka wani faranti ne mai sifirin da ke rufe ganga, katako na zuwa ya ture shi gefe, yana wucewa ya dawo ya rufe. Na Turai kuma kamar gada yake, dogon faranti a saman ganga daga wannan gefe zuwa wancan, ana ɗaga shi ana sauke shi, in kana gyaran fuska katako ya bi ta ƙarƙashinsa hannunka ya bi ta samansa, in kana gyaran gefe ka ja shi baya daidai kaurin katakon kawai. Ramukan jikin injina na irin gadar ne, kuma ni ma shi na fi so, domin na sifirin ɗin lokacin da katako ke ƙarewa akwai ɗan lokacin da wuƙa ke buɗe kafin ya dawo.

Na zana wa mai walda a kwali. Ƙafa ta fayif mai kusurwa huɗu da ke hawa da sauka cikin wani fayif ɗin, da noti mai hannu na ɗaurewa. Ita gadar kanta na ce ba ƙarfe ba, ni zan yi ta da katako, faɗin inci 4 yadda za ta rufe ramin duka, don ko wata rana ta taɓa wuƙa katako ne zai ci, ba ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba.

Yana aiki yana min dariya, wai Malam duk wannan na mene ne, tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa. Na ce haka ne, ba mai ja da ƙaddara, amma ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ya yi shiru, can ya ce wallahi gaskiya ne, ya nuna min tabon da ke gefen idonsa na garanda. Maganar tsautsayin nan ita na fi ji a bakin mutanenmu in an zo batun inji, kuma tana min ciwo, don kullum bayan an cire murfi ake faɗinta.

Asabar, 28 ga Disamba

Murfi ya hau. Na ƙara da wani falankin filawud a bayan fens, wato bangon da katako ke jingina, domin in ka matso da fens gaba, gangar da ke bayansa a buɗe take, kuma nan ne mai karɓar katako ke kai hannu.

Sannan muka yi mataura, abin tura katako. Guda huɗu. Biyu masu faɗi da mariƙi a sama, na manna musu robar tsohon tif na mota a ƙasa don su kama. Biyu dogaye masu ɗan dunduniya a baya da ke maƙale ƙarshen katako. Ba ƙusa ba sukuru a ƙasansu ko ɗaya, gulu ne da turakun katako, saboda ranar da mataurin zai haɗu da wuƙa kar ya zama harsashi.

Da yamma na yi yankan farko da katakon malaina mai tsawon ƙafa huɗu, cin milimita 1. Sau uku na wuce da shi ya kwanta a tebur ba ko motsi. Yaran har da tafi.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

Kwana uku ina koya wa manyan biyun, da inji a kashe tukunna, su yi ta tura katako a busasshen tebur har jiki ya saba. Ƙaramin kallo kawai, shekararsa ba ta kai ba.

Abin da nake nanata musu. Duk katakon da bai kai inci 12 ba ba ya hawa injin nan, a kai shi benci a yi da filen hannu, na ma zana tsawon a jikin tebur da jan fenti don kar a ce ba tef a kusa. Wanda bai kai rabin inci kauri ba shi ma haka. Ba a gyara kan katako inda aka yanke shi a gicciye. In falanki ya yi kwari kamar kwano, kwarin ne ke kallon ƙasa don ya zauna da gefe biyu, in ka kifa shi ta doron zai yi ta rawa a hannunka. A duba jijiyar katako a gefe, a tura ta yadda wuƙa za ta bi ta kwance, kamar shafa gashin akuya daga kai zuwa bindi. Tsayuwa a gefe, kar kowa ya tsaya a saitin bayan katako, har mai wucewa. Yatsu a haɗe a kwance a sama, ba a rataya babban yatsa a ƙarshen katako ana turawa da shi, wannan ɗabi'ar ita ce ta fi cin yatsu. Da katako ya samu wuri a teburin fita, nauyin hannu ya koma can. Ba a ja da baya a kan wuƙa. Ba a share dusa da hannu.

Sai kaya. Sanyin nan kowa na zuwa da rigar sanyi mai dogon hannu da hirami a wuya, na ce duk a cire ko a naɗe hannun riga har gwiwar hannu, hirami da carbi da agogo a ajiye a akwati. Safar hannu kuwa haram a wurin nan, na gaba da babban ya ce ai kariya ce, na ce a wurin ɗaukar katako kariya ce, a wurin ganga igiya ce da za ta ja ka ciki. Na sayo tabarau uku da abin toshe kunne.

Na kuma ajiye akwati da bandeji da gos mai tsabta, na gaya musu in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a danne wurin da gos a ɗaga hannun sama a nufi asibiti, ba man birki ba fetur ba dusar katako, duk abubuwan nan da ake zubawa ƙara ɓata ciwo suke.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau abin da nake tsoro ya leƙo.

Babban yarona na gyara wani falankin maɗaci, ina can wajen benci ina haɗa firam. Sai na ji ƙara gau, falanki ya yi baya ya daki buhun dusa da ke jikin bango. Na ruga na buge jan maɓalli. Yaron na tsaye yana rawar jiki, mataurin na hannunsa, an cinye gabansa kamar inci ɗaya da rabi. Na kama hannunsa na ƙirga, goma cif. Sai da na zaunar da shi na ba shi ruwa sannan na duba injin.

Abu uku ne suka haɗu. Falankin ya karkace sosai saboda hunturu ya busar da shi ta gefe ɗaya, shi kuma don ya gama da wuri sai ya sauke teburin shiga har wajen milimita 5. Maɗaci kuma jijiyarsa a harɗe take, wani wurin ta yi nan wani wurin ta yi can, ga wani ƙulli dab da ƙarshe. Kuma saboda karkatar sai ya ɗaga gadar sama sosai don falankin ya wuce, shi ya ba mataurin hanyar shiga. Ya ce Oga ka yi haƙuri, na ce ba haƙuri za ka ba ni ba, ka kalli abin da ke hannunka ka faɗa min da mene ne a wurin in babu shi. Ya kalla ya kasa magana.

Ni ma akwai nawa a ciki. Na faɗa musu da baki kar ci ya wuce milimita 2, amma na bar injin yadda kowa zai iya sauke shi yadda ya ga dama. Kuma ban koya musu cewa falanki mai irin wannan karkata ana fara yanka shi gajeru daidai aikin da za a yi da shi, ko a rage tudun da filen hannu, kafin ya zo inji ba. Yau na koya. Mataurin da aka cinye na rataye shi a ƙusa saitin lambar nan ta bango.

Asabar, 11 ga Janairu

Mai walda ya dawo ya sa min noti mai tsayar da teburin shiga, yanzu ko an so ba ya sauka ƙasa da milimita 3. Gadar ma na yi mata alama, tsakaninta da katako kar ya wuce kaurin fensir. Na duba wuƙaƙen bayan abin da ya faru, ba wadda ta motsa, ɗaya ce ta samu ɗan giɓi da ke barin layi a katako, na zare filogi na sassauta ta na gusa ta gefe kaɗan yadda sauran biyun za su share layin, na sake saiti.

Babban yaron da kansa ya yi sabon matauri, ya ma ƙara masa tsawon mariƙi. Na sa shi ya koma kan injin yau ɗin nan ina tsaye a gefensa, don kar tsoro ya zauna masa, mai tsoro ma hannunsa ba ya tsayawa daidai.

Laraba, 15 ga Janairu

Mun gama gyara duk katakon ƙofofin Alhaji, huɗu an haɗa, saura biyu. Loko yana cin wuƙa ba kaɗan ba, wani lokacin akwai wani abu kamar dutse fari a cikinsa, tun jiya na ji injin ya fara neman a tura shi da ƙarfi, ƙararsa ma ta canza, na tsayar da aiki na kwance wuƙaƙen na aika wasa. Ya kamata in samu saiti na biyu don kar jiran mai wasa ya sa wata rana a ce bari a lallaɓa da dakusasshiya.

Ƙurar lokon kuma ta sa na gaba da babban atishawa da ƙaiƙayin hannu, na sayo takunkumi amma na san ba shi ne maganin ba, dole a yi wa injin hanyar fitar dusa ta ƙasa zuwa buhu. Na auna wurin, faranti ɗaya da guntun fayif mai inci 4 zai yi. Ranar Asabar in an sallami ƙofofin zan kai wa mai walda awon, in biya ta Ƙofar Ruwa in tambayi wuƙa mai inci 12 guda uku.